Banki Ya Karɓe Gidan Kawu Bala

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida, ya ƙafar Inna? Ya maigidan da yara? Mu nan Greensboro lafiya lau, sai dai har yanzu jikina a sanyaye yake.

Yaya, banki ya karɓe gidan Kawu Bala na unguwar Pleasant Garden. Ashe tun da shagonsa ya durƙushe ya kasa biyan bashin gidan, har ya je kotu aka rubuta masa karayar arziki, bai gaya wa kowa ba. Ni ma a bakin Anti Lami matarsa na ji, tana kuka.

Ranar Asabar na raka shi neman gidan haya wajen titin Wendover. Matar da ke ofishin masu ba da hayar ta duba kwamfuta, ta ce kiredit ɗinsa, wato tarihin biyan bashinsa, ya lalace, ba za su ba shi ba. Kawu ya ce, "Baiwar Allah, ina aiki yanzu, zan biya." Ta ce ba daga ita ba ne, tabon yakan yi shekara bakwai yana bin mutum, ko bashin mota zai ci sai an gani. Muka koma mota, ya daɗe bai tayar ba. Can ya ce, "Hauwa, ko za ki sa mini hannu a takardar hayar, ki tsaya mini?" Wallahi kasa kallonsa na yi. Na sa, ranar Juma'a za su tare.

Ku taya shi da addu'a. Ki gaishe da kowa, amma kada ki gaya wa Inna tukuna. Na san hoton gidan yana nan rataye a ɗakinta.

Ƙanwarki,
Hauwa