Masara Mai Gemu

Gangaren Tudu, Keffi,
21 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga Yaya Huraira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Jos, yaya kuma aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, mai ɗakina Mairo tana gaishe ki.

Kin tambayi jikin Baba. Ƙafar ta yi sauƙi, yana takawa da sanda har masallaci. Abin da ke damuna shi ne shirunsa. Tun da muka ɗauko shi daga Gitata bai cika magana ba, yana wuni a zaure yana kallon hanya. Sau biyu ke nan yana ce mini da zarar an yi sallah zai koma gida, wai mutumin da ba ya noma ba shi da amfani a gari. Kin san babu mai kula da shi a can. Na rasa yadda zan hana shi.

Ni ma ina da tawa damuwar a makaranta. Saboda shirin ciyar da ƙasa an ba ajina fili mun shuka masara, hedimasta Malam Ezra kuma ya ce in koya wa yara sassan tsiro da aikin kowanne. Littafin da Turanci yake. Yarana hamsin da huɗu ne, wasu Gwandara, wasu Mada, wasu Fulani, Hausa kaɗai ta haɗa su. Suna haddace kalmomin tsaf, amma in na nuna kara na ce ina abu kaza, sai su zuba mini ido. Saiwa da ganye da fure na san su da Hausa, sauran kuwa na nema na rasa. Jiya da kunya na tambayi Baba sunan garin nan mai ruwan ɗorawa da ke zuba daga kan masara. Ya dube ni ya ce bununi, ya kuma tambaye ni abin da na yi shekara goma sha biyu ina karantawa.

Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Mijinyawa.

18 ga Yuni, 1977.

Yaya Huraira,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso tare da man shafawar, Baba ya sa miki albarka.

Ba za ki yarda da abin da ya faru ba. Ranar Talata ina cikin aji sai ga Baba a bakin ƙofa, da sandarsa, riƙe da karan masara guda da ya tumɓuke daga bayan gidanmu har da ƙasa a jiki. Ya ce bai yarda in ci gaba da ɓata 'ya'yan mutane ba. Malam Ezra ya kawo masa kujera da kansa.

Ya fara daga ƙasa. Ya nuna musu saiwar da ke shan ruwa da wadda ke fitowa a sama tana tokare kara don kada iska ta kayar da shi. Ya sa kowa ya taɓa gaɓa, inda ganye ke fita. Ya nuna tuta, furen da ke can ƙoli, sannan goyo, wato ƙaramar masarar da ke maƙale a jikin kara, da gemun da ke leƙowa daga bakinta. Ni ina gefe ina rubutawa a allo, Hausa a dama, Turanci a hagu. Ban taɓa ganin ajin nan ya yi tsit haka ba.

Rigima ta tashi ne da na ƙara da abin da littafi ya ce, cewa tuta ce namiji, goyo mai gemun nan kuma ita ce mace, sai bununi ya sauka a kan gemu kafin ƙwaya ta fito. Baba ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Shekarata saba'in, ban taɓa jin mace mai gemu ba sai a makarantarku." Yara suka tuntsire da dariya.

A gida bai bar maganar ba. Ya ce in gwada masa a ƙasa, ba a takarda ba. Washegari muka yayyanka takardar buhun siminti, muka rufe goyo goma a gonar makaranta waɗanda gemunsu bai fito ba tukuna, muka ɗaure. Shi ya zaɓe su, shi ya ƙulla zaren. Yanzu kullum da safe yana riga ni shiri, wai kada wani ya kwance masa ƙulli a yi masa maguɗi. Mairo ta ce tuwon da take zuba masa ya daina ragowa.

Ƙaninki,
Mijinyawa.

16 ga Yuli, 1977.

Yaya Huraira,

Ina gaishe ki, ina gai da yara. Da fatan tarin ƙaramin yaronki ya lafa.

Shekaranjiya muka kwance takardun, duk aji yana tsaye, har da Malam Ezra. Baba ne ya ɓare da hannunsa. Ta farko totuwa ce zalla, fara fat, babu ƙwaya ko ɗaya. Haka ta biyu, haka ta uku. A cikin goman, ɗaya ce kawai ta yi 'yan ƙwayoyi, ita ma ruwa ne ya yaga takardarta. Waɗanda ba mu rufe ba kuwa sun cika maƙil.

Na ji tsoron kada ransa ya ɓaci a gaban yara. Ya daɗe yana jujjuya totuwar. Daga baya ya ce tun yana saurayi ya lura masarar da ta tsaya ita kaɗai a gefen gona takan fito da giɓi, bai taɓa sanin dalili ba. Ya ce, "Ashe mijin ne ya yi mata nisa." Sannan ya miƙa mini hannu a gaban kowa. Yaya, rabon da Baba ya gaisa da ni hannu da hannu tun ranar aurena.

Malam Ezra ya karɓi jerin kalmomin, arba'in da ɗaya, ya ba da a buga da keken rubutu don sauran azuzuwa. Ya sa an rubuta sunan Baba a sama da nawa. Baba ya ce jerin bai cika ba, domin ba a taɓa doya da gyaɗa ba, kuma ba za a gama su a damina ɗaya ba.

Jiya direban motar Gitata ya tsaya a ƙofar gida. Ina jin Baba yana ba shi saƙo, a ce wa ɗan ƙaninsa ya ci gaba da noma gonar, a kuma aiko masa da fartanyarsa da butar irin da ke rataye a rumbu. Na koma ɗaki na yi wa Allah godiya.

Yana nan zaune kusa da ni yanzu. Ya ce in rubuta miki ki taho da yara kafin masarar ta bushe, ya ware muku layi biyu, ya hana ko ni in taɓa.

Naki har kullum,
Mijinyawa Dabo.