Harafin da kika canza

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Diffa. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, amma bakina ya cika, kuma ke kaɗai na saba yi wa tsiwa.

Gida lafiya. Kogin Komadugu ya cika bana, tattasai ya yi kyau, har wurin zamanki a kasuwa wata ta gada, sai dai ba ta iya awo kamarki ba.

Kin tuna yadda kike tara mu duk Juma'ar mutuwar Yesu ki karanta mana labarin gicciye? Duk inda aka rubuta suka, ke muka kike cewa. Muka kama shi, muka tofa masa yau, muka gicciye shi. Ni kuwa 'yar lakwal, mai ji da bokonta, sai in gyara miki, har in yi dariya. Na ɗauka karatun yaƙi da jahilci ne ya gaza miki. A wurina maganar a fili take: Yahuza ya sayar, manya suka zuga, Bilatus ya wanke hannu, sojojin Roma suka buga ƙusa. Ina ruwan mai sayar da tattasai a Diffa?

Makon jiya na buɗe Littafinki Mai Tsarki. Inna, ashe ba kuskure ba ne! Kin bi kowane s kin mai da shi m, layi bayan layi, da jan bik ɗina, alƙalamin gyaran takardun yara, wanda na yi ta nema har na zargi 'yan ajina. Na zauna a ƙasa.

To, bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Shekarar da tsoro ya cika gari, da aka zo unguwa ana neman Modu, ɗan maƙwabciyarmu Ya Falmata, ana cewa an gan shi bakin kogi tare da 'yan ta'addan daji, an tambaye ni. Na san ranar da ake magana yana gidan likita tare da mu, shi ya ɗauke ki a bayansa ya shigar da ke. Amma na ga kaki, na ga bindiga, na tuna mu Kirista 'yan tsiraru ne, sai na ce ban san komai ba. Aka tafi da shi. Ke kina kwance, na ce miki ya yi tafiya. Ban ɗaga hannu a kan kowa ba, haka na riƙa lallashin kaina. Shi ma Bilatus ai hannunsa a wanke yake.

An sako Modu daga baya, ya rame, haƙoransa biyu babu. Yanzu yana ƙauyen Assaga da uwarsa. Shekaru ina kauce wa hanyar.

Abin da ya kashe mini jiki yana can ƙasan shafin, wurin da Yesu yake roƙon Uba ya gafarta musu. Nan ma kin sa jan bik, kin mai da musu ya koma mana. Sai na gane lissafinki. Mutanen da suka gicciye shi su ne ya roƙa wa gafara, tun ƙusa tana hannunsa. In na fitar da kaina daga na farko, na fita daga na biyu. Shekara nawa ina gudun laifin, ashe gafarar nake gudu? Wane irin Ubangiji ne wannan, da yake buɗe ƙofa daidai wurin da aka soke shi? Har yanzu abin ya fi ƙarfin kaina.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Assaga. Na tarar da Modu yana shanya tattasai. Ban yi masa wa'azi ba, kin san su Musulmi ba haka suka ɗauki labarin Annabi Isa ba. Na durƙusa na faɗa masa abin da na yi. Ya ce ya sani, an riga an jefa shi bayan motar masu kakin ranar, da kunnensa ya ji ni. Inna, ya sani, kuma shi ne ya haƙa kabarinki da safiyar da aka binne ki, ni ina ɓuya a bayan mata. Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙe shi ya faɗa ba. Ya Falmata ta ba ni ruwa, na sha ina kuka.

Ke ma kin sani, ko? Shi ya sa kika ce a ba ni Littafin, ba yayata ba?

Bana Fasto ya ce ni zan yi karatun Juma'a a majami'a. Da Littafinki zan hau, kuma yadda kika rubuta zan karanta. Duk mai son gyara mini, ya gyara.

Ki huta lafiya, sai mun haɗu a gaban wanda muka gicciye.

'Yarki Rahila,
wadda ta daina gyara miki karatu.