Amsar da Yaya Ishaya Ya Ba Baffa

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin samu hutun da ba ki samu a nan ba. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Ko da akwai, cewa za ki yi in karanta miki don tabaranki ya ɓace, kamar kullum. Amma magana ta cika mini ciki, kuma in na faɗa wa masu rai, kafin la'asar ta zaga Tudun Wada ta dawo mini da ƙari.

Gida lafiya. Famfo ya sake ɗaukewa. Maƙwabciyarmu Hajiya Ladi har yanzu tana miƙo kunu kofi biyu ta katanga da safe, sai ta tuna, ta wayance ta ce ɗayan nawa ne, tunda kullum da sassafe nake zuwa daga ɗakina na haya. Yaya Ishaya yana zaure da dutsen gugarsa, masu kawo masa kaya ba su ragu ba. A kansa nake son yi miki magana, da kuma kan dangin mijinki.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba: ban taɓa ganin girman Baffa Istifanus ba. Kina durƙusa masa don ƙanin Baba ne, ni ma ina durƙusawa don kin ce, amma gwiwata ce kawai take ƙasa. Mutum yana nan Hanwa, keke ɗaya zai hau ya iso, bai taɓa leƙowa ya ga yadda kike fama da ɗan wansa ba. Ranar jana'izarki kuwa shi ne a sahun gaba, da babbar riga da hankici, yana ta share idon da babu komai a cikinsa.

A ranar suka yanke wa Yaya hukunci. Bai yi kuka ba, bai zauna karɓar gaisuwa ba. Hayaniya ta yi masa yawa, ya toshe kunnuwa ya shige ɗaki yana kaɗa jiki gaba da baya. Matar Baffa ta ce wai bai ma san an yi mutuwa ba, wai irinsu ba su da zuciya. Ita mai zuciyar, da kuloli ta zo a jaka don kwasar shinkafar makoki. Babu wanda ya tambayi wa ya goge farin zanen zumuntar matan coci da ɗankwalin da aka sa miki a akwati. Shi ne, Mama. Ya goge, ya ninke, ya warware ya sake gogewa, har gawayi ya mutu.

Ba a daɗe ba na ji ƙishin-ƙishin ɗin Baffa ya samo masa wuri. Wani gidan addu'a ne can bayan gari, inda ake sa mutum azumi, in ya yi gardama a ɗaure masa ƙafa. Kin tuna likitar da ta gaya mana sunan abin da ke tare da Yaya otizim, ta ce ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, haka Allah ya tsara kansa? Baffa ya yi aikin gwamnati har ritaya, yana Turanci kamar zai haɗiye harshe, amma wannan kalma ɗaya ta gagare shi. Shi dai a wajensa yaron nan ba shi da lafiya. Yaron da furfura ta fara fito masa a gemu.

A nan ina da ƙorafi a kanki. Sau nawa na tambaye ki, in kin tafi wa zai tsaya masa? Sai ki ce Allah na nan. Allah na nan, ban musa ba. Amma Baffa ma na nan, kuma shi ya riga zuwa da mota.

Na je neman mai taya ni. Akwai wata ƙungiya wajen unguwar Kongo masu allo babba, an rubuta suna kare haƙƙin masu otizim. Na tarar da wata madam a ƙarƙashin fanka tana latsa waya. Da ta ji shekarun Yaya sai ta ce su da yara suke aiki. Na ce to in yaran sun girma ina suke zuwa, tururi suke zama? Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini riga mai tambarinsu, ta ce in ina da hotonsa in turo, suna da taro. Rigar tana kicin, da ita nake sauke tukunya.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi taron dangi a tsakar gidanki. Kin san yadda ake yi: a bi maza daga babba zuwa ƙarami kowa ya faɗi ra'ayinsa, mata sai in lokaci ya rage. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa abin da Baffa ya gani shi ne daidai. Aka tsallake Yaya yana zaune a kan turmi, aka tambayi Dauda ɗan Baffa, wanda har yau uwarsa ke wanke masa kaya. Dauda ya gyara murya ya ce lallai a taimaki bawan Allah. Yana faɗa yana auna zaure da ido, don ya daɗe yana neman inda zai buɗe shagon cajin waya.

Ban jira layin mata ba. Na ce an tsallake babban ɗan gidan nan, kuma rayuwarsa ake rabawa. Matar Baffa ta riƙe baki kamar na zagi limami. Baffa ya yi irin murmushin da ake yi wa mahaukaci, ya ce to bari a tambaye shi don hankalina ya kwanta. Ya matso dab da fuskar Yaya, ya ɗaga murya kamar mai kiran fasinja a tasha, ya tambaye shi ko zai je inda za a yi masa addu'a. Kafin ya rufe baki ya sake tambaya da wasu kalmomin. Ya kuma yi da Turanci. Yaya ya toshe kunnuwa. Baffa ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa, wai ga shi kowa ya gani.

Me suka gani? Da sun taɓa wuni a gidan nan da sun san yadda kike yi. Sau ɗaya kike tambayarsa, a hankali, ba ki kallon idonsa. Sai ki jawo faifai ki ci gaba da tsintar wake kamar kin manta. Amsa tana zuwa, wani lokaci kafin ki gama faifan, wani lokaci sai gobe. In aka maimaita tambayar, sai ya koma farko ya sake ɗauko ta. Na gaya musu haka, har faifan na ɗauko na zauna, na ce a yi shiru a jira. Mama, mutanen da suke iya wuni a layin mai ba su iya jiran ɗan'uwansu ba. Wannan ya duba agogo, wancan ya ce hadari ya haɗo. Baffa ya kaɗe riga ya ce Asabar mota za ta zo, a haɗa masa kaya.

Ban haɗa ba. Amma na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ni kaɗai ce, mace, ƙanwa, kuma na san in sun zo da ƙarti ba zan iya tare ƙofa ba. Duk satin Yaya bai ce uffan ba. Guga kawai yake yi, leɓɓansa na motsi.

Asabar da hantsi suka zo, Baffa da Dauda da wani ƙato daga gidan addu'ar. Layinmu a cike, masu shago sun buɗe, Hajiya Ladi ta fito da kujerarta ta dasa a ƙofar gida, kuma na san ba iska ta fito sha ba. Kafin in isa zaure Yaya ya riga ni. Ya ajiye dutsen guga, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalmin Baffa. Da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka, ya ce Baffa ya yi masa tambaya ranar Lahadi. Ya ce amsar ita ce a'a. Ya ce Mama ta mutu, ba za ta dawo ba, shi ya goge mata kaya. Ya ce nan ne gidansa, kuma akwai kayan mutane da bai gama ba.

Ya juya ya koma ya hura gawayinsa.

Hajiya Ladi ta ce, yadda duk layin zai ji, ai mai gida ya yi magana, sai kuma me? Kin san Baffa. Ba ya tsoron Allah kamar yadda yake tsoron idon mutane. Nan take ya washe baki, ya shiga gaisawa da masu shago, wai dama wucewa zai yi ya ce bari ya duba marayu. Ƙaton nan ya koma mota ko kallonmu bai yi ba. Dauda ne ya fi ba ni tausayi, da tef ɗin awo ya zo a aljihu.

Ban ce sun haƙura ba, irinsu ba sa haƙura, lafawa suke yi. Na gaya wa fasto komai, na kuma gaya wa mai unguwa, don in sun dawo su tarar da shaidu. Na yi niyyar sakin ɗakina na haya in dawo ɗakinki da zama. Har na fara ɗaure kaya sai na tsaya, na ga ashe ni ma zan yi irin ta Baffa, in yanke a kan gidan mutum ban tambaye shi ba.

Shekaranjiya na tambaye shi ko yana so in dawo. Sau ɗaya na tambaya, a hankali, ina kallon ƙasa. Bai amsa ba tukuna. In ya ce a'a zai yi mini zafi, amma zan kwance kayana. Kin bar mana wake rabin buhu, faifanki ma yana nan.

Ki huta lafiya, Mama. Ki gaida Baba, ki ba shi labarin ƙaninsa.

Taki,
Rahila, ƙanwar mai gida