Lemun Tsakar Gida Bai Mutu Ba

Aliero, daren Talata, Fabrairu 1993

Alhamdu lillahi, lemun nan bai mutu ba.

Da maigida zai tahi Ikko da lodin albasa, ya ce in hana wa icen ruwa har ganye ya nannaɗe, wai sai ya sha ƙishirwa idanun reshe ke farkawa su yi fure. Na bi maganarsa. Ganye ya nannaɗe, har ya fara zuba. Kullum surukata Inna sai ta tsaya gindinsa ta ce, "Ke Hadiza, icen da ɗana ya ɗauko tun daga Jega za ki kashe da ƙiwuya?" Ni da ke jan guga tun asuba, wai ni ce mai ƙiwuya!

Ran Juma'a tsoro ya kama ni, na kankare reshe guda da farce. Cikinsa kore shar, da danshinsa. Ashe barci yake. Na shayar da shi sosai.

Yau da safe idanun sun kumbura, wasu har sun yi fari.

Inna ta daɗe tana kallo. Da la'asar dai na ga ta jawo tabarmarta gindinsa, tana korar awaki.