Bindigar Baba

Zuwa ga ƙanwata Ardith,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da jikanki Boyd. Yaya ƙafar taki? Ni ƙalau nake. Gidan tsofaffin nan akwai ɗumi, abokin hira ne dai babu.

Maganar bindigar farautar Baba ce ta ɗaure min kai. Tana gidan 'yata Jolene a nan birni, ni kuwa so nake in miƙa wa Boyd ita da hannuna kafin lokacin farautar barewa. Shugaban 'yan sandan gundumarmu ta asali, can inda kuke, ya ce min a waya, "Delbert, kawo ta kawai, mu nan ba ruwanmu da dokar Tarayya." Jolene ta ce hukumar birni ta hana fitar da ita sai da rajista. Ofishin jiha suka ce dokar rajistar ma tana kotu. Na karanta tsarin mulki a makaranta, Ardith, ban tuna ƙasa uku a cikinsa ba.

Jiya na tare wani lauya da ya zo duba mahaifiyarsa. Ya ce tunda Boyd yana wata jiha, kyauta sai ta bi ta hannun dillalin bindigogi mai lasisi, gado kuwa kai tsaye yake wucewa. Na ce, "Wato in na mutu shi ke nan?" Ya ce, "Kusan haka ne, Baba."

Ki ce wa yaron ya ɗan ƙara haƙuri, Allah ya yi masa albarka. Yadda likita yake kallona, ba zai jima yana jira ba.

Yayanki,
Delbert