Kuskure a Babi na Huɗu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Umma, tana shan maganin kuwa? Ki gaishe min da Baba da yara.

Ni lafiyata ƙalau. Abinci ne dai ba ya shiga sosai, amma ba wani abu ba ne. Ranar Alhamis da safe zan tsaya gaban malamai uku in kare binciken da na yi kan ruwan rijiyoyi. Na riga na miƙa kundin.

Shekaranjiya ina bitar babi na huɗu, sai na ga ashe na musanya sakamakon rijiyoyi biyu. Wadda na rubuta ruwanta mai kyau ne, ita ce gurɓatacciyar. Na je ofishin malamin da ke duba aikina, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ba lalle su lura ba. In kika faɗa, suna iya mayar da ke sai baɗi. Ki yi tunani."

Na yi tunanin, Yaya. Da idona na ga mata suna ɗibar ruwan rijiyar nan suna ba 'ya'yansu. Zan faɗa tun kafin a tambaye ni.

Don Allah ki lallaɓa Umma ta dakata da gayyatar mutane, ki nemo mata wani dalili. Ki sa ni a addu'a. In kin ga kirana ranar Alhamis, ki fita waje kafin ki ɗauka.

Taki,
Ƙanwarki