Ƙorafi Kan Lambar Salular Maigari

Zuwa ga Mai Girma Madam Zuwaira Maina,
Shugabar Ƙungiyar Inuwar Yara, Biro na Magariya.

Daga Mainasara Zakariya'u, mai kula da rajistar salula, Dogo-Dogo.
5 ga Agusta, 2024.

Game da: formil ɗin da ke nemo layin kowane yaro a rajistar tamowa.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa. In abu ya yi daidai yadda aka umurce shi, kuma rai ya tafi, wa za a tambaya? Mako guda ina juya wannan, ban samu amsa ba.

1. Rajistarmu tana cikin aplikasiyo irin wadda ake haɗawa ba tare da karatun injiniya ba. A cikinta akwai formil, wato umurnin da ake rubuta wa na'ura, da ke ɗaukar lambar salular uwa, ya bi tablo, wato jerin sunayen yara, layi-layi, ya dawo da launin awon hannun ɗanta. Mai ja ake kira a ba shi abincin magani.

2. A Garin Husaini salular Maigari kaɗai ke kama rezo, wato sabis ɗin waya. Mata goma sha ɗaya suka ba da lambarsa. Formil ɗin kuwa layin farko da ya tarar yake ɗauka, kuma layin farko na jikan Maigari ne, ɗaya daga cikin yaransu, kore, wato lafiyayye. Yara goma sha ɗaya suka fito kore.

3. Ranar 9 ga Yuli na lura. Na duba 227, lambar ƙasa da ke gaban lambobin, na sake loda tablo, ba abin da ya canza, sai da na jera lambobin na ga guda ce. Ranar 10 na sanar da Mushe Kamalu, mai sa ido a kanmu, a rubuce. Ya kulle gyara, ya ce ba a taɓa komai sai an gama kamfen ɗin awon yara.

4. Yakura ɗiyar Hinda ta Garin Husaini, mai wata goma sha tara, an auna ta ja ranar 2 ga Yuli. Ba a kira ta ba. Ta rasu ranar 28. Layinta yana nan, na 214, har yau kore yake nunawa.

5. Rapor ɗin Mushe Kamalu, wato rahotonsa kan rasuwar, ya ce matsalar rezo ce. Ba ita ba ce.

Ina roƙon alfarmarki a buɗe gyara, a mai da nema bisa lambar katin yaro, a aika a sake auna sauran tara, ban da jikan Maigari, kafin ƙarshen mako, a kuma gyara rapor.

Sau biyu sakatarenki ya tambaye ni wanda ya rubuta formil ɗin, na ƙi faɗa. Ni ne. Ni na zaɓi lambar salula, don sunayen mutanenmu suna maimaituwa. A sa sunana a rapor ɗin, sama da na Mushe Kamalu.

Ki huta lafiya cikin girmamawa. Naki mai biyayya,

Mainasara Zakariya'u